Malam Aminu Kano marubucin wasan kwaikwayo, da wasanninsa da ba su shiga ɗab'i ba

Tsakanin 1938 da 1939, fiye da shekara goma kafin a kafa jam'iyyar NEPU, wani ɗalibi ɗan unguwar Sudawa a birnin Kano ya rubuta wasan kwaikwayo, ya raɗa masa suna Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Wasan ya tsaya ne a kan mutanen ƙauye da ke shigowa birni da ɗan abin da suka noma, 'yan kasuwa marasa imani su yi musu wayo. A cikin wannan tsakanin ya sake rubuta wani, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, a kan harajin da ya fi ƙarfin talakan karkara. Ɗalibin nan, wanda bai cika shekara ashirin ba, shi ne Aminu ɗan Malam Yusufu, wanda duniya ta sani daga baya da Malam Aminu Kano.

Matasan da ke sa jar hula a yau, da waɗanda ke jayayya da su a kan wane ne magajin Malam na gaskiya, sun san shi a matsayin jagoran NEPU da PRP. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa da alƙalamin marubucin wasa ya fara. Masu nazarin adabin Hausa sun ƙiyasta cewa daga 1939 zuwa 1941 ya rubuta gajerun wasanni kimanin ashirin domin a riƙa yin su a makarantu, inda yake yi wa wasu al'adun da yake ganin sun tsufa ba'a, yana kuma taɓa En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa ke mulki ta hannunta. Waɗannan wasanni ba su shiga jerin littattafan da aka buga aka rarraba wa makarantu ba. Dalilin hakan, da abin da aka buga a madadinsu, shi ne rabin labarin wasan kwaikwayon Hausa na tsakiyar ƙarnin da ya wuce.

Ƙauye da kasuwa a 1938

Kafin a gane abin da ya sa yaro ɗan birni, ɗan gidan malamai da alƙalai, ya ɗauki ɓangaren baƙauye, sai an duba halin da ƙasar Kano take ciki a lokacin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa irin su John Holt, da UAC daga baya, su ne ke saye, ta hannun manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, su kuma ta hannun yaransu da dillalai har zuwa kasuwar ƙauye. Manomi yana ƙarshen layi. Bai san farashin da aka yanke a Ingila ba, bai iya karanta sikeli ba, sau da yawa ma ya riga ya ci bashi a kan gyaɗar tun tana gona.

Sai kasuwannin duniya suka karye a farkon shekarun 1930, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Haraji kuwa da kuɗi ake biyansa, ba da dame ba. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali, kuma a kowane mataki akwai wanda ake tsoro. Mutumin Madobi ko Bunkure da ya ɗora wa jaki kaya ya yi tafiyar yini zuwa birni, ko marinin Kura da ke kai baƙin yadin nan da Buzaye ke ƙauna, dole ce ta kawo shi kasuwa, kuma mai saye ya san dole ce. Wasannin nan biyu na farko, in aka haɗa su, hoton mutum ɗaya suke nunawa: haraji ya koro shi daga gida, kasuwa ta tare shi a ƙofa.

Sunan wasan farko ma abin a tsaya a kansa ne. Tambaya ce, kuma ba baƙauyen ne ke yin ta ba. Muryar kasuwar ce da kanta, tana dariya, tana gaya wa wanda aka cuta cewa shi ba kowa ba ne. Wanda ya iya zaɓen suna irin wannan yana da kunne, ya san yadda ake magana a Kurmi.

Abin da ya gada, da abin da ya sauya

Kwaikwayon masu mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, sarki yana kallo. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa wa junansu sarautu da muƙamai, su yi shari'a, su yanke hukunci, jama'a na dariya. Tashe na watan azumi cike yake da zambo, 'yan kama kuwa malamai ma ba su tsira daga bakinsu ba. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan yana da lokacinsa da iyakarsa. In an gama kowa ya koma matsayinsa, sarki ma yakan ba da tukuici.

Abin da Aminu ya yi shi ne ya raba wannan ba'a da lokacinta, ya rubuta ta a takarda, ya kai ta makarantar boko. Kwalejin Kaduna, wadda ta samo asali daga Kwalejin Katsina kuma ta zama Barewa daga baya, wuri ne da ake horar da waɗanda za su zama malamai da ma'aikatan En'e, da yawansu 'ya'yan sarauta. Ke nan masu kallon wasan, har da masu yin sa, su ne waɗanda gobe za a miƙa wa rasiɗin haraji. A ganina nan ne ƙarfin abin yake, fiye da duk wata gwanintar tsara zance da ɗalibi zai iya nunawa a gajeren wasan makaranta.

Shi kansa ba daga waje yake hango En'e ba. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aminu ya tashi yana ganin yadda ake shari'a da yadda ake raba muƙami. A farkon shekarun 1940 ya rubuta wata ƙasida da Turanci mai suna Kano Under the Hammer of Native Autocracy, wadda ta faɗi a fili abin da wasannin ke faɗa cikin raha.

Bauchi

Da ya gama kwaleji a 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta: Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zame masa jagora a tunani, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka koyar a makaranta ɗaya. Aminu ya ci gaba da shirya wasanni da ɗalibansa, ya kuma zama sakataren wani zauren tattaunawa da aka kafa a garin a 1943 da yardar hukuma, inda ma'aikata da malamai ke muhawara. Zauren bai yi tsawon rai ba. Daga cikin abin da ya jawo rufe shi har da tambayar da aka jefa a kan abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi. Wanda ya saba tsara wasa ya san amfanin tambayar da za a yi a gaban mutane, wadda amsa ta da ƙin amsa ta duk matsala ne.

Yana da kyau a tuna cewa Tafawa Ɓalewa ma marubuci ne. Littafinsa Shaihu Umar yana cikin waɗanda suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Malamai biyu a makaranta ɗaya, dukansu masu alƙalami. Na ɗaya an buga shi, an karanta shi a aji shekara da shekaru, an mayar da shi wasa, an mayar da shi fim. Na ɗayan ya tsaya a rubutun hannu da bakin waɗanda suka gani.

Wa ke da injin ɗab'i, wa ke da majigi

A wancan zamani hanyar buga littafin Hausa na boko ɗaya ce, kuma ta Zariya ta bi. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ce ta buga littafin wasanni na farko, Six Hausa Plays, a shekarun 1930. Daga nan sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950. Dukansu na gwamnati ne, kuma babban mai sayen littattafansu shi ne makarantun En'e. Ba sai an kafa dokar hana wani littafi ba. Ya isa a ce wanda za a yi wa ba'a a ciki shi ne mai biyan kuɗin bugawa.

Dubi abin da ya samu shiga. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1940, tsafta da amfanin asibiti da makaranta yake koyarwa. Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara fita ta rediyo a Kaduna kafin a buga su, ya kawo Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu a wajajen samun 'yancin kai, a kan lalacewar tarbiyya a birni da attajirin da auren karuwa ya kai shi ƙasa. Uwar Gulma na Mohammed Sada, a ƙarshen shekarun 1960, wahalar mace a gidan miji ya nuna. Ba a raina waɗannan ayyuka ba. Maƙarfi musamman gwani ne wajen kama yadda mutane ke magana, kuma wanda ya karanta Uwar Gulma ya san ba wasan yara ba ne. Amma duk inda suka nuna yatsa, cikin gida ne: miji, mata, 'ya'ya, maƙwabta. Hakimi da ɗan doka da mai karɓar haraji suna can gefe, ba a taɓa su. Ɗaliban da suka yi jarrabawar Hausa da waɗannan littattafai sun tashi da zaton cewa wasan kwaikwayon Hausa wa'azin zaman iyali ne tun asalinsa, alhali tun 1938 akwai wani reshe da aka bari bai yi toho ba.

A fagen fim lamarin ya fi tsanani, domin kyamara ta fi injin ɗab'i tsada. Abin da mutanen karkara suka sani shi ne majigi: mota ta zo gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a nuna labarun gwamnati da finafinan koyarwa, wani ma'aikaci yana fassara da lasifika. Wanda aka fi tunawa shi ne Baban Larai, a kan noman auduga na zamani. A irin waɗannan finafinai manomi ɗalibi ne kullum. In ya bi shawarar malamin gona ya samu, in ya ƙi ya tafka asara, kuma ba a tambayar wa ya yanke farashin audugar. Da mulki ya koma hannun 'yan ƙasa a shekarun 1950, majigi ya zama mai nuna rangadin Sardauna da ayyukan gwamnatin NPC. 'Yan hamayya ba su da mota, ba su da allo.

Daga cikin wannan tsari ne Adamu Halilu ya fito, mutumin da ya fi cancanta a kira shi marubucin fim na farko-farko a Arewa. An haife shi a 1936, ya yi shekaru yana rubutawa da shirya finafinan wayar da kai na gwamnati, irin su Mama Learns a Lesson na 1963. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da Shaihu Umar wasan dandali, aka buga shi a 1975, sannan a 1976 Adamu Halilu ya fitar da shi a fim da Hausa, da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Bayansa ya yi Kanta of Kebbi. Labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa ba ƙaramin labari ba ne, amma bautar da ya nuna ta zamanin da ce, wadda ba ta da mai kare ta a 1976. Fim ɗin ma ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya tsira ne saboda hukuma ce ta yi shi, hukuma ce ta ajiye shi, ko da kuwa ajiyar mantuwa ce.

Da dandali ya koma filin lacca

Aminu ya tafi karatu Landan a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 yana ma'aikacin gwamnati, shi ya sa ba ya cikin mutum takwas da suka kafa ta. A watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aiki, a 1953 ya zama shugabanta. Daga nan siyasa ta cinye lokacinsa, kuma rubutun da aka fi saninsa da shi bayan haka na wani fanni ne, kamar littafin tafiyarsa Motsi Ya Fi Zama, da waƙoƙi.

Sai dai wanda ya duba yadda NEPU ta yi yaƙinta zai ga hannun mai shirya wasa. Jam'iyya ce da ba ta da rediyo, ba ta da baitulmali, mafi yawan magoya bayanta kuma ba su karanta boko. Abin da take da shi shi ne taro, da waƙa, da misali. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi mata aikin da jarida ke yi wa wasu. Ƙin cire takalmi da ƙin faɗuwa gaisuwa a gaban hakimi abu ne da ake yi don a gani, kuma kowa ya fahimci ma'anarsa ba tare da an fassara masa ba. Kotunan alƙalai ma sun fahimta, shi ya sa bulala da ɗauri suka yawaita a kan 'yan NEPU, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta shiga kurkuku sau da dama. Cikin mutum takwas ɗin nan akwai Maitama Sule, wanda shi ma ɗan wasan kwaikwayo ne a ƙuruciyarsa, har wata ƙungiyar wasa a Kano ta ɗauki sunansa.

Maganar harajin kuwa sai da ta shekara arba'in. A watan Oktoba na 1979 gwamnonin PRP biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, gwamnonin suka raba gari da Malam, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Gwamnatin Rimi ce kuma ta kafa gidan talabijin na CTV, inda ƙungiyoyin wasa na Kano suka samu filin da ya kai su ga bidiyo. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin Kannywood.

Kura, Madobi da Bunkure a yau

Ƙasar da mutanenta ke kai gyaɗa birni bisa jaki ta sauya kama. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, ta kawo noman rani na Kadawa, kuma yanzu shinkafa da alkama da tumatir ne arzikin Kura da Bunkure da Garun Malam. Haraji na kai ya tafi. Amma duk wanda ya je Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ya ga yadda kwando ke faɗuwa a yini ɗaya, manomi na tsaye da kayan da ba za su kwana biyu ba, dillali da mai mota suna jiran ya gaji, ya san tambayar da ke cikin sunan wasan 1938 ba ta tsufa ba. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka sa ran zai tsayar da farashi, ya sha rufewa da buɗewa. Ga bashin taki, ga kuɗin ruwa, ga rigimar wanda ke bakin kwata da wanda ke ƙarshenta.

Yankin kuma yana tsakiyar gardamar gadon Malam. Garin Kwankwaso a ƙaramar hukumar Madobi yake, kuma mazaɓar Madobi ce ta fara tura Rabi'u Musa Kwankwaso majalisar wakilai a 1992. Jar hular da mabiyansa ke sawa, da Malam suke danganta ta. A zamanin mulkinsa na farko ne kuma, a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar Kano. A zamanin wanda ya gaje shi, Malam Ibrahim Shekarau, hukumar ta kai ga ɗaure 'yan fim, ciki har da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008. Kowace gwamnati da ta zo tun daga nan ta riƙe hukumar, ko wace hula take sawa. Hujjar da ake bayarwa ita ce kare tarbiyya, kuma jama'a da dama sun yarda da ita da zuciya ɗaya. Sai dai marubucin da ya san sai an duba aikinsa kafin ya fita, shi ma yakan koma inda magabatansa na zamanin NORLA suka koma, wato cikin gida: kishiya, soyayya, gado.

Bambancin yau shi ne kyamara ta bar hannun hukuma. Wayar da ke aljihun ɗan Bunkure ta fi abin da Adamu Halilu ya fara aiki da shi sauƙin sarrafawa, YouTube kuma ba ya neman izinin hakimi. Shirye-shirye irin su Kwana Casa'in na tashar Arewa24 sun nuna cewa masu kallo na son labarin siyasa in an tsara shi da kyau. Duk da haka baƙauye a yawancin finafinan barkwanci na Kannywood abin dariya ne: ya shigo birni da buhu a ka, ya tsorata da mota, a yi masa wayo, 'yan kallo su bi bayan mai wayon. Labarin da Aminu ya rubuta ke nan, an juya masa baya. Manomin tumatir da ke lissafin asararsa a gefen titin Zariya, da dillalin da shi ma bashi ke bin sa a Legas, da jami'in da ke raba ruwa, har yanzu ba su samu wanda ya zauna ya rubuta musu fim mai tsawo ba.

Gidan Malam na Gwammaja, wato Mambayya, inda kabarinsa yake, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma duk shekara a watan Afrilu ana taron tunawa da shi. 'Yan siyasa da malaman jami'a kan gabatar da jawabai da ƙasidu. Jami'ar tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo da fim, tafiyar 'yan mintuna a mota daga gidan.